Ƙafa Ta Daina Aiki, Kwano Bai Ragu Ba: Abinci da Zuciyar Mai Raunin Laka

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojan da harsashi ya taɓa masa laka ba a sa masa ran kwana da yawa. Harvey Cushing, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya yi aiki a fagen daga a Faransa, ya ba da rahoton cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan sojoji sun mutu cikin makonnin farko. Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara mai hawa ya cinye ƙoda su ne suka fi kwasar su. A 1944 Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, ya kafa dokar da ba ta da sassauci: a juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a kula da fitar fitsari cikin tsabta, a tashe shi ya motsa jiki. Gasar harbin kibiya da ya shirya wa majinyatansa a 1948 ita ce ta girma ta zama wasannin nakasassu na duniya da aka fara a birnin Rum a 1960. Mutanen da a da ake lissafa musu makonni suka koma rayuwar shekara talatin, arba'in.

Da suka daɗe a duniya sai wata cuta ta samu lokacin kama su. A ƙasashen da suka shawo kan gyambo da ciwon ƙoda, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini yanzu yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe masu raunin laka, kuma yakan zo musu da wuri. Wani nazari da aka buga a 2013, wanda aka gina kan binciken lafiyar mutum fiye da 60,000 a Kanada, ya nuna cewa yiwuwar samun ciwon zuciya ga mai raunin laka ta kusa ninki uku na sauran jama'a, ta bugun jini mai shanye ɓarin jiki kuwa ta kusa ninki huɗu, bayan an yi la'akari da shekaru da jinsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da wannan rauni. Ba ƙaramar jama'a ba ce.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana iya cewa wannan damuwar masu hali ce, kuma yana da hujja. A wajenmu, wanda ya faɗo daga kan babur, ko mota ta kife da shi, ko ya zamo daga giginya, ko rami ya rufta masa a wajen haƙar ma'adinai, ko tarin fuka ya ci masa ƙashin baya, har yau abin da ya fi yi masa barazana a shekarun farko shi ne wanda Guttmann ya yaƙa: gyambo da ciwon fitsari. Sai dai waɗanda suka tsallake wannan siraɗi suna nan a gidajenmu, a kan katifa a tsakar ɗaki ko a kan keke a ƙofar gida, kuma kwanon da ake ajiye musu a gaba shi ne ke yanke hukunci kan gyambon yau da zuciyar shekara goma masu zuwa. (A nan a bambance da mai shan inna. Shi yana jin taɓi a ƙafarsa, yana riƙe fitsari da bayan gida. Mai raunin laka sau da yawa ya rasa duka ukun, kuma a kan wannan rashin ne duk maganar abincinsa take juyawa.)

Abin da ke faruwa a cikin jiki ba shi da wuyar fahimta. Manyan tsokokin ɗan Adam suna cinya da ɗuwawu da ƙwauri. Da zarar saƙon ƙwaƙwalwa ya daina isa gare su sai su fara zagwanyewa, kuma da sauri: an auna an ga cikin makonni shida kacal kaurinsu ya ragu da kashi 18 zuwa 46 cikin ɗari idan aka gwada da na masu lafiya. Kitse kuma ya shiga ya cike gurbin, har cikin tsokar kanta da kewayen hanji. Tsoka ce ke kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na sukarin da insulin ke turawa daga jini bayan cin abinci. Kamar rumbu ne ya rushe alhali girbin bai ragu ba: hatsin zai zube a tsakar gida. Sukarin yakan daɗe yana yawo a jini, jiki ya yi ta zuba insulin, hanta ta mayar da rarar kitse. A 1994 William Bauman da Ann Spungen sun gwada tsofaffin sojoji 100 masu raunin laka a Bronx da ke Niyok, suka ba su ruwan sukari suka bi jininsu. Kashi 22 cikin ɗari sun fito da ciwon sukari, alhali a cikin takwarorinsu masu lafiya kashi 6 ne kawai. Haka kuma kolestarol mai amfani, wanda takardar gwaji ke nunawa da HDL, yakan yi ƙasa sosai saboda rashin motsi. Wannan ya sa mutum zai karɓi sakamako ya ga jimillar kolestarol ɗinsa daidai, a ce masa lafiya lau, alhali mai kare jijiyoyin nasa ne ya ƙare.

Sai batun yawan abin da jiki ke ƙonawa. Ko a kwance ba ya komai, jikin mai raunin laka yana cin makamashi ƙasa da na mai lafiya da kashi 14 zuwa 27 cikin ɗari. Lissafin da masana abinci suka daɗe suna aiki da shi, wanda ya samo asali daga wani bincike na 1985, shi ne kalori 27.9 a kan kowane kilo na nauyin jiki ga wanda ƙafafu kawai suka shanye, da kalori 22.7 ga wanda raunin ya kama wuya ya taɓa hannuwa. Namiji mai kilo 70 ke nan yana buƙatar kimanin kalori 1,950 idan ƙafafu ne, ko 1,600 idan wuya ne. Wannan kuwa mutum ne da wataƙila kafin hatsarin yana noma ko dako, yana tashi da malmala uku bai ji komai ba. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wato kalori wajen 200. Rarar kalori 100 a kullum, a lissafin takarda, ta haura kilo huɗu a shekara. Ba a buƙatar haɗama kafin mutum ya yi teɓa a kan keke. Ci irin na da ya isa.

Kuma ido yana ruɗi a nan, har da idon ma'aikacin lafiya. Lissafin nauyi da tsawo da ake kira BMI yana cewa ƙiba mai haɗari ta fara daga 30. Ga mai raunin laka wannan ba ya aiki, domin tsoka mai nauyi ta tafi, kitse mara nauyi ya maye. Jagorar da ƙungiyar shanyayyun tsofaffin sojojin Amurka ta ɗauki nauyi a 2018, wadda ita ce cikakkiyar jagora ta farko kan wannan fanni, ta sauko da iyakar zuwa 22. Mai tsawon mita 1.70 ke nan ya shiga layin haɗari tun daga kilo 64, nauyin da a unguwa za a ce masa siriri. Tunda ba kowane asibiti ke da sikelin da keke ke hawa ba, awon ƙugu da tef ɗin tela ya fi sauƙi, amma a kwance rigingine, domin a zaune cikin da tsokarsa ta saki yakan zubo gaba ya ba da awon ƙarya. Masu bincike sun ba da santimita 94 a matsayin inda ya kamata a fara damuwa.

Akwai wani tarko da soyayya ce ke ɗana shi. A watannin farko bayan rauni majinyaci yana ramewa ƙwarai. Zazzaɓi, tiyata, baƙin ciki da rashin son abinci duk sun taru a kansa. A Birtaniya ma an samu fiye da kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake kwantarwa a cibiyoyin laka suna cikin haɗarin tamowa. A wannan lokaci daidai ne a dage masa da ci. 'Yan dubiya su zo da kuloli, farfesu, madarar gwangwani, katan ɗin lemon malt, uwa ta zauna a gefen gado tana cewa, “Daure ka ƙara ko loma biyu, ka samu ƙarfi.” Matsalar ita ce ba wanda ke zuwa bayan wata shida ya ce lokacin ya wuce. Jiki ya daidaita a kan ƙaramar buƙata, gida kuwa yana nan a kan dokar asibiti. Kumatu su ciko, dangi su yi murna: “Ma sha Allah, Yaya ya murmure.” Wasu magungunan da ake ba shi na zugin jijiya, irin su amitriptyline da pregabalin, su ma suna ƙara ƙiba. Kowane kilo da ya ƙaru kafaɗa ce za ta ɗaga shi daga gado zuwa keke sau da yawa a yini. Kafaɗa ta fara ciwo, motsi ya ragu, nauyi ya sake ƙaruwa, keken ya matse kwatangwalo ya buɗe sabon gyambo.

To me ake so a koya masa? A takarda amsar gajeriya ce. Jagorar 2018 ta ce a bi tsarin cin mutanen gaɓar tekun Bahar Rum, ko tsarin DASH ga mai hawan jini: ganye da 'ya'yan itace da yawa, hatsin da ba a surfe ba, wake, gyaɗa da danginta, kifi, kaza, nono mara maiƙo, a rage zaƙi da jan nama, kitse mai daskarewa kada ya wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na kalorin yini, mai hawan jini kada ya wuce miligiram 2,400 na sodiyam, wato gishiri wajen ƙaramin cokali ɗaya. Hujjar wannan tsari tana da ƙarfi, amma aro ce. Gwajin PREDIMED na Sifen, mai mutum 7,447, ya nuna raguwar kusan kashi 30 cikin ɗari a manyan cututtukan zuciya da bugun jini, sai dai dattawa ne masu tafiya da ƙafafunsu. Ba a yi gwaji mai girman haka a kan masu raunin laka ba.

Mayar da wannan tsari cikin tukunyarmu bai kai wahalar da ake zato ba, kuma ba ya buƙatar man zaitun na kanti. Man gyaɗa ɗan'uwansa ne a irin kitsen da ya fi yawa a cikinsa, yayin da kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, man shanu ma ya fi haka. Gero da dawa da acca da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farar shinkafa da burodi da taliyar leda. Zogale, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa, alayyafo da kabewa suna nan. Nonon da aka kaɗe aka cire mai ya fi kindirmo dacewa, in dai ba a rama da sukari a cikin furar ba. Garau-garau misali ne mai kyau na yadda abu ɗaya ke zama magani ko cuta: waken alheri ne, amma ludayin mai da tulin yaji mai gishiri da dunƙule su ne ke rushe shi. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma sodiyam ce, daddawa kuwa tana ba miya armashi ba tare da wannan nauyi ba. In za a taƙaita wa mai girki a jimla guda, miya da ganye su rinjayi tuwo, a auna mai da cokali maimakon a tuttula daga kwalba, abin sha ya zama ruwa.

Da a nan maganar ta tsaya, da takarda ɗaya ta wadatar. Amma ra'ayina shi ne yawancin koyarwar da ake yi tana faɗuwa ne saboda ta fara daga zuciya, alhali mai raunin laka yana zaɓen abincinsa ne da tunanin banɗaki. Mutumin da ba ya jin fitowar bayan gida, wanda sai an ɗauki awa guda ana taimaka masa kafin cikinsa ya sauka, wanda ya taɓa ɓaci a cikin jama'a, ba zai ci kwaɗon rama ranar Juma'a da safe ba don an ce yana gyara jijiya nan da shekara goma. Zai ci abin da ya san yana ɗaure ciki: burodi, farar shinkafa, shayi. Wasu sukan ƙi cin komai in za su fita. Duk malamin abincin da bai yi wannan magana a fili ba, saboda kunya ko rashin sani, majinyaci zai gyaɗa masa kai ya koma gida ya ci gaba da abin da yake yi. Kuma ba taurin kai ba ne, lissafi ne na mai hankali.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne shawarar da ake ba kowa ba lallai ta yi aiki a hanjinsa ba. An saba cewa mai taurin bayan gida ya ƙara faiba, wato dusa da ɓawo da zaren ganye da ciki ba ya narkarwa. A 1996 wasu likitoci a Ostireliya sun gwada haka a kan majinyata 11: suka ƙara musu dusar alkama, faibar yini ta tashi daga giram 25 zuwa 31. Maimakon hanji ya yi sauri, lokacin da abinci ke ɗauka a babban hanji ya tashi daga awa 28 zuwa 42. Gwajin ƙarami ne, amma ya isa gargaɗi. Hanjin da jijiyoyinsa suka yanke daga ƙwaƙwalwa ba ya tura kaya yadda aka sani, ƙara masa lodi ba tare da isasshen ruwa ba cushewa yake jawowa. Shi ya sa jagorar masana abinci ta Amurka ta 2009 ta ce a fara daga giram 15 a rana, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana lura. A aikace ma'anarsa abu ɗaya sabo a mako, a rana da ba za a fita ba, a rubuta abin da ya biyo baya. Wake ya yi wa wani daidai, wani kuma ya kumbura masa ciki har numfashi ya yi nauyi. Tramadol da danginsa, da maganin riƙe fitsari irin oxybutynin, duk suna ƙara ɗaure ciki, na biyun ma yana busar da baki ya sa a yi ta neman abin sha mai zaƙi.

Ruwan kansa rigima ce. Faiba na son ruwa, ƙoda na son ruwa, amma mafitsara ba ta da mai gadi. Wanda ke sa robar fitsari ya cire duk bayan awa huɗu zuwa shida ana so kada fitsarin da ya taru ya wuce rabin lita a kowane karo, don haka shan sa yakan tsaya wajen lita biyu a rarrabe cikin yini, a rage da dare. Wanda robarsa ke zaune a jiki yana buƙatar fiye da haka don kada ta toshe. Da yawa sukan rage sha da gangan don gudun jiƙa wando ko don tausayin mai jinya, sai ciwon fitsari da tsakuwar ƙoda su biyo baya. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Yamai, ga jikin da ba ya gumi daga inda raunin yake zuwa ƙasa, wannan ganganci ne da rai.

Gishiri kuwa shi ne inda shawara ɗaya ga kowa ke iya yin ɓarna a fili. Wanda rauninsa ke ƙasan baya yana iya samun hawan jini irin na kowa, kuma rage gishiri ya wajaba a kansa. Wanda rauninsa ke wuya ko saman ƙirji, daga gaɓar da likitoci ke rubutawa T6 zuwa sama, labarinsa daban ne. Jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini sun rabu da mai ba su umarni, don haka awon jininsa na sama yakan zauna a 90 zuwa 110, in an tashe shi zaune ya ga jiri, ido ya yi duhu, wani lokaci ya suma. Cin abinci mai yawa a zama ɗaya yana ƙara faɗuwar, domin jini ya tattara a hanji. Irin wannan likita yakan ƙara masa gishiri da ruwa ne ma, ya sa a ɗaure masa ciki da ɗamara, a raba abincinsa ƙanana sau biyar ko shida. Mutum biyu a gado biyu maƙwabta, shawara biyu masu karo da juna, kuma kowacce daidai ce.

Shi wannan mai faɗuwar jinin shi ne kuma ke fuskantar tashin jini na farat ɗaya. Mafitsara ta cika, ko roba ta lanƙwashe, ko bayan gida ya cushe, jiki ya ji zafin da ƙwaƙwalwa ba ta ji ba, sai jini ya yi tsalle. Kai ya sara kamar zai tsage, fuska ta yi gumi, hanci ya toshe. Ƙarin 20 a kan awon da ya saba ya isa alama, wato 130 da za a yi wa wani barka da shi, a wurinsa ƙararrawa ce, kuma abin yana iya kaiwa ga fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Matakin farko a zaunar da shi a miƙe, a sassauta tufafi, a duba roba, sannan hanji, in bai sauka ba a nufi asibiti. A nan ne ake ganin cewa maganar bayan gida da maganar zuciya ba biyu ba ce. Abincin da ya hana cushewar ciki ya riga ya yi wa jijiyoyin jini aiki tun yau.

Gyambo yana sauya lissafin gaba ɗaya. Mai lafiyayyar fata giram 0.8 zuwa 1 na furotin a kan kowane kilo ya ishe shi. Mai gyambo mai zurfi yana buƙatar giram 1.5 zuwa 2, wato mai kilo 60 zai nemi giram 90 zuwa 120 a yini, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne. Ba lokacin rage ƙiba ba ne. Ƙwai, kifi, awara, alala, ƙuli-ƙuli da nono su ne hanyar da aljihu zai iya ɗauka, sai in ƙoda ta riga ta taɓu, nan kuma likita ne zai yanka adadin.

Shin koyarwar tana aiki kuwa? Abin da aka samu ya zuwa yanzu bai kai a buga ganga ba. A asibitin Rancho Los Amigos da ke Kalifoniya an tura masu yawan kolestarol wurin masanin abinci, jimillarsa ta sauko daga 234 zuwa 224, HDL kuwa bai motsa ba. A Jami'ar Alabama da ke Birmingham, mutum 16 sun bi wani shiri na mako 12 mai haɗa darasin abinci da motsa jiki da sauya ɗabi'a, suka rage kimanin kilo uku da rabi. A Tehran an yi gwajin koyarwa na wata bakwai, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a nauyi ko kitsen jini. In aka jera su, abin da ke fitowa shi ne bayani shi kaɗai ba ya sauya kwano. Inda aka ga motsi, an haɗu ne mako-mako, an auna, an sa manufa, an bibiya. Haka ma babban gwajin rigakafin ciwon sukari na Amurka, wanda ya rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari a 2002, da mai bibiya ga kowane mutum ya yi nasara, kuma shi ne masu bincike a Miyami suka gyara don ya dace da masu raunin laka.

Akwai dalilin da ya fi wannan sauƙi, wanda a gidajenmu ya fi ko'ina bayyana: wanda ake koya wa ba shi ke riƙe da ludayi ba. Mata ce, ko uwa, ko ƙanwa, mai dafa tukunya ɗaya ta mutum goma, wadda ta riga ta gaji da juyi da wanki da tashin dare. In aka ce ta ɗora tukunya ta biyu, ba za a daɗe ba a daina. Abin da zai ɗore shi ne gyaran tukunyar gidan duka, a rage mai da dunƙule ga kowa, sannan a bambanta a wajen zubawa. Kuma ta ji daga bakin likita ko nas, a gaban majinyacin da wani babba na gidan, tun kafin sallama, domin matar da ta rage wa mijinta tuwo bisa ra'ayin kanta za ta sha magana daga dangin miji: “Tun da ya kwanta ta fara yi masa rowa.” Tun ran gini ran zane. Darasin da aka bari sai teɓa ta fito ya zo a makare, don rage nauyi a kan keke ya fi hana shi taruwa wuya nesa ba kusa ba.

Sai a tuna kuma cewa ga mutumin da ya rasa tafiya, ya rasa sana'a, wataƙila abokai sun ja baya, tsiren yamma da shayi mai kauri na iya zama abin da ya rage masa na jin daɗi da kuma na iko da kansa. Wanda ya zo da jerin haramci zai tarar da ƙofa a rufe. Gara a yi ciniki: tsire ranar kasuwa, a yanke kitsen, a cika da albasa da tumatir da kabeji, shayi da cokali ɗaya maimakon huɗu. Ni a ganina lemon kwalba ne kaɗai ya cancanci a yi masa yankan ƙauna, don rabin lita kawai yana cinye kashi ɗaya cikin takwas na kason yinin mai raunin wuya bai ƙosar da shi ba, bai ba gyambonsa komai ba.

Motsa jiki yana taimakawa, ba ya maye gurbin awo. Jagorar ƙasa da ƙasa ta 2018 ta ce don lafiyar zuciya a yi aƙalla minti 30 na motsi mai sa haki sau uku a mako, ban da atisayen ƙarfafa tsokokin da suka rage sau biyu. Tura keke, juya feda da hannu, jan roba mai talewa da aka ɗaure a taga, duk suna shiga. Amma hannu ƙaramar tsoka ce, kuma mai raunin wuya bugun zuciyarsa ba ya cika wuce 120 zuwa 130 a minti komai ƙoƙarinsa, saboda haka abin da zai ƙone bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da robar lemo ɗaya ke zubawa.

Azumi ma yana buƙatar zama da likita kafin wata ya kama. Yinin bazara babu ruwa ga mai robar fitsari, sannan buɗa-baki mai nauyi a zama ɗaya ga mai faɗuwar jini, haɗari ne ta fuska biyu. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma malamin unguwa zai fi ba da fatawa daidai in an gaya masa abin da likita ya ce.

Abu na ƙarshe da ya sa ba a jiran alama: saƙon ciwon zuciya yana hawa ƙwaƙwalwa ne ta gaɓoɓin laka na saman ƙirji. Wanda rauninsa ke sama da nan jijiyar zuciyarsa tana iya toshewa bai ji ciwon ƙirjin da kowa ya sani ba. Abin da za a gani kawai haki, tashin zuciya, gumi, ciwon muƙamuƙi, ko ƙaruwar sanƙarewar ƙafafu da ba a san dalilinta ba. Don haka jagorar 2018 ta ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka ta ce a auna jini a duk zuwa asibiti, aƙalla sau ɗaya a shekara. A gwada sukari da kitsen jini aƙalla duk shekara uku in sun fito daidai, kitsen jinin kuma duk shekara in akwai ƙiba, taba ko wasu abubuwan haɗari. Ana so majinyaci ya riƙe awon jininsa na yau da kullum a rubuce cikin katinsa, tare da matakin rauninsa, don ma'aikacin da bai san shi ba ya gane ko 130 ɗin da ya gani lafiya ce ko gaggawa.